Ranar da Mama Ta Zama Kai

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na sayi littafin nan ne don in riƙa rubuta lokutan shan magani, kada in rikice. To yanzu magani ya koma hannun asibiti, ni kuma an bar ni da fararen shafuka da magana cike da ciki. Shekara goma sha tara ina aski, mutane suna zube mini damuwarsu ina sharewa tare da gashinsu. Ban taɓa kawowa a raina cewa ni ma zan nemi inda zan zube tawa ba.

Jiya aka kwantar da matata. Ɗakin mata, gado na huɗu daga ƙofa, gefen taga. Likita ta faɗi abin da ta faɗa, ta kuma sa ranar da za a yi mata aiki: Alhamis, ashirin da bakwai ga wata. Sauran ba na rubutawa ba ne.

Gida ya rage daga ni sai 'yarmu. Shekararta uku da wata bakwai. Alƙaliya muke ce mata, don tun da bakinta ya buɗe ba ta tambayar abu sai ta riga ta yanke hukunci a kansa. Yayata za ta riƙa zuwa ta zauna da ita in na tafi shago.

Talata, 4 ga wata, bayan magariba

Na kai ta asibiti da la'asar, lokacin ziyara. Tun a hanya take tsalle, riƙe da lemo ɗaya da ta ce ita za ta ba Mama da hannunta.

Da muka shiga, matata ta yunƙura ta zauna, ɗankwalinta ya zame. Alƙaliya ta ja ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki. Ta dubi kan, ta dubi rigar asibitin nan mai faɗi da ba ta san mace ba ta san namiji ba, sannan ta koma bayana ta riƙe wandona. Uwar ta miƙa hannu biyu, ta ce mata ta zo mana, ita ce. Muryar ta dushe kwana biyun nan, magani ne ya yi mata haka.

Yarinyar ta leƙo ta ce, "Kai ba Mama ba ne."

Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Matata ma ta yi dariya. Na san dariyarta kala-kala, wannan ba ta cikin masu daɗi. Lemon yana nan a kan tebur, mun dawo da shi.

Laraba, 5 ga wata, bayan la'asar

Yau ma. Daga bakin ƙofa ta gaishe ta, da ladabi kuwa: "Sannu, yaya jikinka?"

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe shida na safe

Bari in rubuta, tunda ba mai karantawa sai ni. Ni na yi askin.

Asabar ɗin da ta wuce, gashin matata yana ta zuba a kan filo, yana biyo mataji, har ta gaji da gani. Ta ce in ɗauko injina in gama da shi gaba ɗaya, ba ta son hannun wani ya taɓa mata kai. Na ajiye kujera a tsakar gida, na yafa mata ƙyallen da nake yafa wa kowa. Ban san akwai wani ɗan tabo a bayan kunnenta na hagu ba. Shekara takwas da aure.

Mun zaci Alƙaliya barci take. Da na kashe inji na juya, sai ga ta a bakin ƙofar ɗaki, tana tsotsar yatsa. Tun daga lokacin ta daina shiga ɗakin uwar, mu kuma hankalinmu yana kan haɗa kaya, ba mu lura ba.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mai Sanƙo ya zo. Malami ne a kwalejin horar da malamai, kuma duk Asabar sai ya zo aski, alhali gashin da ya rage masa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Na sha gaya masa hira yake zuwa saye, shi kuma ya ce ai hirar ce ta fi askin kyau. Yau ya ga ban tsokane shi ba, ya tambayi lafiya. Ban san lokacin da na zazzage masa komai ba.

Na zaci zai yi dariya irin ta matan asibiti. Sai ya gyara zama, ya ce abin da yake koyarwa ke nan shekara da shekaru, yadda yaro ke gane shi namiji ne ko mace. Na ce ashe wannan ma sai an koya? Ya ce a hawa uku yake zuwa. Da farko yaro ya iya faɗin suna: ni mace ce, wancan namiji ne. Daga baya ya gane abin yana bin mutum har girma. Na ƙarshe, wanda ya fi wuya, ya gane ko an canza riga, ko an canza gashi, mutum yana nan yadda yake. Ya ce yawanci wannan ba ya zama daram sai wajen shekara biyar, wasu har bakwai.

Ya tambaye ni su wa Alƙaliya take gani a kujerar nan in ta zo shago. Na ce maza. Ya ce ta taɓa ganin mace a kai? Na ce ko sau ɗaya.

"To ka gani," in ji shi. "Ba rashin hankali ba ne, hankalin ne ma yake aiki. A wajenta duk wanda ya zauna ka yafa masa ƙyalle, namiji yake tashi."

Na tsaya da inji a hannu yana ta kuka a banza. Wato a idon 'yata ni na mayar da uwarta namiji, da hannuna, tana kallo. Kuma har yau tana barin in goya ta.

Shekara biyar. Ni kwana goma sha tara gare ni.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Na yi mata tambayoyin da Malam ya ce in gwada, muna shan shayi. Na ce ita mace ce ko namiji? Ta dube ni kamar na tambaye ta ko ruwa yana jiƙa, ta ce mace. In ta girma, Mama za ta zama ko Baba? Mama, mai jaka da takalmi mai ƙwas-ƙwas. To in aka sa mata rigata aka yi mata aski fa? Ta ajiye kofi, ta dafe kitsonta da hannu biyu, ta ce a'a, ba ta son zama namiji, maza ba su da ɗan kunne.

Daidai yadda mutumin ya faɗa, kamar yana ƙarƙashin tebur yana raɗa mata. Tsoro ya kama ni, mamaki ya fi tsoron yawa. Wannan ɗan kan da nake wankewa kullum, wanda tafin hannuna ke rufewa, ashe akwai gini a ciki, hawa-hawa, ana ta aiki ba mu sani ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Likitar da ke duba matata mace ce, gajera, ba ta da yawan magana. Nas ɗin da ke sa ƙarin ruwa namiji ne, dogo. Yau likitar ta ga Alƙaliya a rakuɓe a ƙofa, ta ciro alawa daga aljihu ta ba ta. A hanyar gida na tambaye ta wa ya ba ta alawa. Ta ce likita, dogon nan. Na ce a'a, gajerar matar nan ce, ita ce likita. Ta ce wannan ai nas ce, kuma likita ne ya ba ta, ta gan shi.

Ba ƙarya take yi ba, na san fuskarta ta ƙarya. Da gaske haka ta tuna abin.

Matata ta ci cokali uku.

Alhamis, 13 ga wata, da safe

Saura mako biyu.

Juma'a, 14 ga wata, bayan la'asar

Yaya ta ce mun cika saurarar masu boko, yaro ai lallami ne da tsawa. Ta biyo mu asibiti da alawa a jaka. A bakin ƙofa ta ɗaga alawar sama, ta ce Alƙaliya ta ce "Mama, yaya jikinki," sai ta ba ta. Yarinyar ta faɗa tsaf, kalma bayan kalma, idonta a kan alawa. Yaya ta juyo tana washe baki, wai mun gani.

Matata ta juya fuska wajen taga. Ta ce, "Yaya, ki bar ta. Ba na son na saye."

Da muka fito, Alƙaliya ta tambaye ni ko shi ma yana son alawa, ta rage masa.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na ba Mai Sanƙo labarin alawar Yaya. Ya ce kada in raina ta, akwai manyan masana da ke bayanta. Su a wajensu yaro kwaikwayo yake yi: yarinya ta ɗaura zane a tafa mata, yaro ya ɗaura a yi masa dariya, a haka kowa ke kama hanyarsa. Ya ce akwai gaskiya a ciki, amma alawa baki take juyawa, ba ta kaiwa inda hukuncin yake.

Na ba shi na likita da nas kuma. Nan fa ya kusa tashi da reza a wuyansa don murna. Ya ce wasu masanan sun ce yaro akwati biyu yake kafawa a kansa, na maza da na mata, duk abin da ya gani sai ya jefa a ɗaya. In abu ya ƙi shiga, sai ya lanƙwasa shi, ko ya tuna shi a juye. Na ce to su wa ke da gaskiya, masu hawa uku, masu kwaikwayo, ko masu akwati? Ya ce akwai ma masu cewa da abinsa ake haihuwar yaro, akwai kuma wani tsohon ra'ayi mai cewa kishi ne da tsoro ke sa yaro ya manne wa uba, yarinya ta manne wa uwa. Na ce wannan na ƙarshen ko shi mai shi ya taɓa yi wa yaro wanka? Ya yi dariya har sanƙonsa ya yi ƙyalli.

Ya ce kowannensu ya riƙe gefe ɗaya ne. Na ce duk cikinsu ba wanda ya faɗi yadda ake gaggauta abin? Ya ce bai sani ba, kuma ba zai yi mini ƙarya ba.

Na ji haushinsa, na kuma ƙara ganin girmansa.

Litinin, 17 ga wata, da azahar

Yaya ta je unguwa, na taho da Alƙaliya shago. Ba kowa, sai ta shiga zagayawa tana rarraba mini kaya. Madubi namiji ne, shi ya sa yake zaune a nan. Almakashi namiji. Reza mace ce, amma mai faɗa. Na ce tsintsiya fa, me take yi a shagon maza? Ta ce aiki take zuwa, da yamma ta koma gidansu.

Na zauna ina sauraro, sai na lura ko sau ɗaya ba ta yi kuskure ba. Kujera ita, benci shi, ƙofa ita, buroshi shi. Wa ya koya mata? Ni dai ban taɓa zaunar da ita na ce tukunya mace ce, cokali namiji ba. Harshen namu ba ya barin ka ambaci ko tsinke sai ka zaɓa masa ɓangare. Ba ka iya cewa mutum ya zo ya ci abinci sai ka fara yanke hukunci, zo ka ci ko zo ki ci. Na shekara arba'in da ɗaya ina yin wannan ban taɓa jin nauyinsa ba. Ita kuwa kullum sai ta tsaya a ƙofar ɗakin nan ta zaɓa, kuma tana zaɓar abin da ta yi imani shi ne gaskiya, ko da kowa zai yi mata dariya.

Wani abu kuma da ya tsaya mini: kai da nake askewa, da kai da ake kiran namiji, a takarda rubutunsu ɗaya. Yau na fara gani.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe biyar da rabi

Yau ma daga ƙofa.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe takwas na dare

Na yi wauta, kuma tawa ce ni kaɗai, ba Malam ya sa ni ba.

Na ce bari in nuna mata a aikace. Na ɗauko ɗankwalin uwarta na ɗaura, na yafa gyale, na fito ina rangwaɗa. Nufina ta yi dariya ta ce Baba ne, ni kuma in ce to kin gani, kaya ba sa canza mutum. Da farko ta yi dariyar. Sai na ƙara da siririyar murya, na ce mata yau ni ce Mama.

Dariyar ta ɗauke. Ta ja da baya har ta jingina da bango. Ta ce, "To ina Baba?"

Na fizge ɗankwalin, na durƙusa, na ce ga ni, ga ni. Ta ɗauki lokaci tana shafa gemuna kafin ta yarda. Kukan da ta yi bayan nan ban taɓa jin irinsa a bakinta ba. Yarinyar da take ganin ta rasa ɗaya, na tashi na nuna mata ɗayan ma yana iya ɓacewa kafin a gama shan shayi.

Ban buɗe shago ba sai sha ɗaya.

Juma'a, 21 ga wata, bayan magariba

Likita ta kira ni ofishinta, ta ba ni takarda na sa hannu. Ta karanta mini abin da ke ciki a hankali, har da layin da ke ƙasa. Na ce na ji.

Da na koma wajen matata, ta sa na ja labule. Ta rame, zoben ma ta cire ta ba ni don yana zamewa. Ta ce ba ta tsoron Alhamis kamar yadda nake zato. Abu ɗaya ne ya tsaya mata.

"Ina so in ji nauyinta a ƙirjina kafin su shiga da ni," ta ce. "Ko minti ɗaya ne. Amma kada ka ɗauko ta da ƙarfi, Baban Alƙaliya. Da ƙafarta nake so."

Na ce in sha Allahu. Ban san da me na dogara na faɗa ba.

Asabar, 22 ga wata, da rana

Mai Sanƙo ya zo, bai kawo ko masani ɗaya ba. Ya ce dai in daina gaya wa Alƙaliya, in tambaye ta. Ya ce mun yi ta ƙoƙarin gyara mata amsa, ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa ba ta matsawa kusa. Ai tana gaishe da maza a shago, har tana karɓar abu a hannunsu.

Na yi masa askin da ya fi kowanne kyau, a kan gashi tara.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na tambaye ta, ina ɗaure mata takalmi. Na ce mutumin nan na asibiti, tana jin tsoronsa ne? Ta ce a'a, yana da kirki, kuma yana warin Mama. Na ce to me ya sa in ya ce ta zo ba ta zuwa?

Ta ce, "Mama ta ce yarinya ba ta hawa cinyar maza. Sai Baba kawai."

Na zauna a ƙasa, takalmi ɗaya a hannuna.

Haka ne. Bara uwar ta koya mata, ta maimaita mata har ta haddace, ko an ba ta alawa, ko an ce an san Mama. Mako uku ke nan yarinyar nan tana tsaye a bakin ƙofa, tana jin warin uwarta, ana miƙo mata hannu, tana danne zuciyarta don kada ta karya maganar uwar. Mu kuma muna cewa taurin kai ne.

Da na gaya wa matata, ta rufe baki da hannu. Ta ce ashe ita take bi. Daga kan gado ta ce wa yarinyar ta janye dokar, ta zo. Alƙaliya ta ce Mama ce ta sa dokar, sai Mama ta dawo ta cire.

Litinin, 24 ga wata, da safe

Saura kwana uku.

Talata, 25 ga wata, da la'asar

Yau Alƙaliya ta tsaya a ƙofa fiye da kullum, tana kallon kan uwar, tana taɓa nata. Yaya ta ce in ɗauke ta kawai in ɗora, ai kuka ba ya kisa. Na ce na yi alkawari.

Laraba, 26 ga wata, ƙarfe bakwai na yamma

Zan rubuta wannan a tsanake, don ina so ya zauna yadda ya faru.

Da safe ta kafe sai ta bi ni shago. Yaya ta rako mu. Ina cikin goge madubi, sai na ji ana jan katakon da nake ɗora wa yara a kan hannun kujera. Da ƙyar ta ɗaga shi. Na taimaka mata, na zaci wasa za ta yi. Ta haye ta zauna, ta miƙe wuya yadda take ganin maza suna yi, ta ce in yi mata irin na mutumin asibiti.

Yaya ta ce kul, wane irin shirme ne wannan. Na ce Yaya ta ɗan ba mu wuri. Na durƙusa har idona ya yi daidai da nata.

Na ce, "In na yi miki, me za ki zama?"

"Namiji."

"Kina son zama namiji?"

Ta girgiza kai. Hawaye ya riga ya cika mata ido, amma ba ta bar shi ya zubo ba.

"To don me?"

"Yaro yana hawa cinyar maza," ta ce. "Yana ta cewa in zo."

Na juya na ba ta baya, na yi kamar ina neman wani abu a aljihun tebur. Wannan yarinyar da ba ta yarda ta fita ba ɗan kunne, wadda ta dafe kitsonta da hannu biyu don an ambaci aski kawai. A iya saninta, in ta sauka daga kujerar nan ba ta komawa mace har abada. Ta auna, ta ga dokar uwarta ba ta karyuwa, ta ga mai kiran nata ba shi da kowa, sai ta yanke hukunci a kan kanta.

Na tsefe kitson da kaina, ɗaya bayan ɗaya. Na yafa mata ƙyalle, ya rufe ta har ƙafa. Na fara da almakashi, sannan inji. Ta runtse ido gam, ta riƙe hannun kujera. Yaya tana bakin ƙofa tana ta sababi.

Da na gama na kashe inji, na goge mata wuya, na ce an gama.

Ba ta buɗe ido nan da nan ba. Tana jira ne, na gane, tana sauraron abin ya zo. Sai ta buɗe ɗaya, ta buɗe ɗayan. Ta dubi madubi. Ta fito da hannu daga ƙarƙashin ƙyalle ta shafa kan, gaba da baya. Ta taɓa ɗan kunnenta. Ta leƙa cikin ƙyallen ta dubi rigarta da ƙafafunta. Ta sake duban madubi, ta ɗaga gira, ta fito da harshe, ta mayar.

"Baba," ta ce a hankali, "ban zama ba."

Na ce uhm.

"Har yanzu ni ce."

Na ce ke ce.

Ina tsaye a bayanta ina kallon fuskarta a madubi, kuma wallahi na ga lokacin da abin ya iso. Girarta ta haɗe, bakinta ya ɗan buɗe, idonta ya bar madubin ya tafi wani wuri. Shekara goma sha tara ina riƙe kawunan mutane, ban taɓa ganin ana aiki a cikin ɗaya ba sai yau.

Ta juyo gaba ɗaya a kan katakon, har ya kusa zamewa.

"To Mama fa?"

Yaya ce ta ce mu tashi mu tafi, ita za ta rufe shagon.

Lokacin ziyara bai yi ba, amma dogon nas ɗin ya dube mu, ya dubi kan yarinyar, ya matsa gefe. A bakin ƙofar ɗakin ta saki hannuna. Ta tsaya inda ta saba tsayawa. Sannan ta taka. Gado na ɗaya, na biyu, na uku. Gadon uwar ya yi mata tsawo, ta kama ƙarfen ta cusa gwiwa, ba wanda ya taimaka mata, ni ma na riƙe hannuwana a baya. Ta zare ɗankwalin uwar, ta shafa kan, ta shafa nata.

Ta ce, "Mama, ashe ke ce."

Ta kwanta a ƙirjinta. Minti ɗaya matata ta roƙa. Barci ya kwashe yarinyar a wurin, har aka kawo abincin rana ba wanda ya motsa ta. Matan ɗakin ba wadda ta yi dariya.

Alhamis, 27 ga wata, ƙarfe tara da kwata na safe

Sun shiga da ita tun takwas. An ce awa biyar, ko shida. Muna kan benci a baranda, ni da Yaya, Alƙaliya tana kan cinyata tana wasa da maɓallin rigata. Na kasa karanta agogo, na kasa daina dubansa.

Ɗazu wata tsohuwa mai shara ta zo wucewa, ta shafa mata kai, ta ce, "Kai yaro, wa kake jira?"

Alƙaliya ta ɗago ta dube ta sama da ƙasa.

"Ke ake cewa," ta ce. "Aski ne kawai. Mamata nake jira."